Ambato fiye da 200,000: me wannan adadi yake faɗa a kan masanin ƙwaƙwalwa?

Ɗalibar Nazari:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Tambaya nake da ita a kan yadda ake auna masani, kuma zan ɗora ta a kan mutum guda don maganar ta tsaya wuri ɗaya. Karl Friston na jami'ar UCL da ke Landan. Wanda duk ya duba sunansa a Google Scholar, shafin neman takardun ilimi, zai ga an ambaci ayyukansa, wato an kawo su a matsayin madogara a wasu takardun bincike, fiye da sau 200,000, ma'auninsa na h kuma ya haura 200. A 2016 manhajar Semantic Scholar ta jera masana ƙwaƙwalwa mafiya tasiri, shi ya zo na ɗaya. Shin wannan yana nufin a zamaninmu babu wanda ya kai shi gano yadda ƙwaƙwalwa ke aiki? In ba haka ba ne, to me adadin yake nunawa?

Sabon Shiga:
Wa'alaikumus salam. Kafin a yi nisa, don Allah wani ya fayyace mana ma'aunin h ɗin nan. Muna jin sunansa kullum amma ba kowa ya san yadda ake fitar da shi ba.

Mai Ƙididdiga:
Wa'alaikumus salam. Malam Sabon Shiga, lissafin mai sauƙi ne. Ka jera takardun mutum daga wadda aka fi ambata zuwa wadda ba a ambata ba. In yana da takardu 30 waɗanda kowacce an ambace ta aƙalla sau 30, ma'auninsa 30 ne. Jorge Hirsch, masanin fiziks a jami'ar Kalifoniya ta San Diego, shi ya kawo shi a wata takarda a 2005. A ganinsa wanda ya kai 20 bayan shekara 20 yana bincike ya yi nasara, wanda ya kai 40 fitacce ne, 60 kuwa sai ɗaiɗaiku. A cikin wannan takardar ma ya kawo masu binciken halittu, wanda ya fi kowa a cikinsu masanin ƙwaƙwalwa ne, Solomon Snyder na Johns Hopkins, da 191. Kuma Hirsch da kansa ya yi gargaɗi cewa alƙaluman masu binciken halittu sun fi na masu fiziks girma sosai, don haka ba a kwatanta fanni da fanni kai tsaye.

Ga inda ma'aunin yake da rauni. Mai takardu 10, kowacce an ambace ta sau 10, yana da h na 10. Mai takardu 3 kacal, kowacce an ambace ta sau 5,000, h ɗinsa 3 ne, kuma ba zai taɓa wuce 3 ba sai ya ƙara rubutu. Sannan ma'aunin ba ya sauka. Ko mutum ya daina aiki shekara 15 da suka wuce, sai dai ya ƙaru.

Yanzu ga tambayarki, Malama. Ki duba waɗanne takardun Friston ne suka fi tara ambato. Za ki ga da yawansu na dabarun nazarin hoton ƙwaƙwalwa ne. Tun farkon shekarun 1990 ya jagoranci samar da manhajar SPM, wadda ake amfani da ita a tace hotunan na'urar PET, daga baya na fMRI, wato hotunan da ke nuna sassan ƙwaƙwalwar da ke aiki. A 2000 shi da John Ashburner suka fitar da hanyar kwatanta girman sassan ƙwaƙwalwa tsakanin mutane, a 2003 kuma ya fito da hanyar ƙiyasta yadda wani sashe ke tasiri a kan wani. Duk mai binciken da ya yi aiki da waɗannan, a ko'ina yake, dole ya ambace su a sashen bayanin hanyar aiki. Abin da adadin ke faɗa na farko ke nan: mutane da yawa sun dogara da kayan aikin da ya ƙera.

Mai Kula da Laburare:
Abin da Malam ya faɗa ba a kan Friston kaɗai ya tsaya ba. A 2014 mujallar Nature ta fitar da takardu 100 da aka fi ambata a tarihi. Ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry da abokan aikinsa ta 1951, a kan yadda ake auna yawan furotin a cikin ruwan gwaji, an ambace ta fiye da sau 300,000. A cikin jerin akwai takardar 1981 a kan dabarar naɗar wutar da ke ratsa fatar ƙwayar halitta, wadda Erwin Neher da Bert Sakmann ke cikin marubutanta, da kuma ɗan gajeren gwajin tantance tunani na Folstein na 1975 da likitoci ke yi wa masu alamar mantuwa. Amma takardar Watson da Crick ta 1953 a kan siffar DNA ba ta shiga ba. Abin da ya zama sanin kowa, ya shiga littattafan koyarwa, sai a daina ambaton asalinsa. Yau wa ke ambaton Santiago Ramón y Cajal, masanin jijiya ɗan Sifaniya, duk lokacin da ya ce ƙwaƙwalwa ta ginu ne da ƙwayoyin jijiya daban-daban?

Injiniyan Hoto:
Ina so in ja birki a nan, domin na ji kamar ana neman a ce ai kayan aiki kawai ya ƙera, kamar wannan ƙaramin abu ne. Ban yarda ba ko kaɗan. Tarihin fannin nan gaba ɗaya tarihin kayan aiki ne. Ba don rinin da Camillo Golgi ya gano a 1873 ba, wanda ke baƙanta ƙwayar jijiya guda ya bar maƙwabtanta, da Cajal bai ga abin da ya gani ba. Shi ya sa aka raba musu kyautar Nobel a 1906 duk da sun saɓa a fahimta. Neher da Sakmann da Hajiya ta ambata, Nobel ta 1991 suka samu saboda wannan dabarar da abin da ta buɗe. Ba don Seiji Ogawa ya nuna a 1990 cewa iskar oksijin da ke cikin jini tana sauya hoton MRI ba, da babu fMRI.

Kafin SPM da ire-irenta, kowane ɗakin bincike da tasa hanyar, ba a iya ɗora sakamakon wannan a kan na wancan. Mutumin da ya sa dubban masu bincike suka yi magana da harshen lissafi ɗaya, kuma ya ba da manhajar kyauta, ya cancanci ambaton da ya samu. Ni a wurina adadin bai yi ƙarya ba.

Mai Ƙididdiga:
Injiniya, ban ce ƙaramin abu ba ne. Cewa na yi amsar tambaya ɗaya ce, ita kuwa Malama wata tambayar ta yi. Ta ce shin ya fi kowa gano yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Yawan masu amfani da manhajarka ba ya amsa wannan.

Dattijon Malami:
Allah ya yi muku albarka, muhawarar ta yi armashi. Bari in kawo wani misali daga jami'ar da shi Friston yake, don ku ga bambancin. A 1971 John O'Keefe da ɗalibinsa Jonathan Dostrovsky suka buga wata 'yar gajeriyar takarda a mujallar Brain Research, shafuka kaɗan. Sun saurari ƙwayoyin jijiya 76 a sashen ƙwaƙwalwar ɓera da ake kira hipokampas, suka ga 8 daga ciki ba sa motsawa sosai sai ɓeran yana wani wuri takamaimai. Ƙwayoyi 8. Mutane da yawa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba a lokacin, domin tunanin masu bincike yana wani wajen. Sai a 2005 ɗakin binciken May-Britt Moser da Edvard Moser a Norwe ya gano wasu ƙwayoyin a kusa da wurin da ke zana wa dabba taswirar fili. Kyautar Nobel ta zo musu su uku a 2014, shekara 43 bayan waccan takardar.

Ku yi tunanin kwamitin da zai zauna a 1974 ya ƙirga ambaton O'Keefe na shekara biyu ko uku. Me zai gani? Kusan ba komai. Yau takardar tana da ambato dubbai, amma ambaton ya biyo bayan gaskiyar ne da shekaru masu yawa. Matashin da ke neman aiki ba shi da waɗannan shekarun. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a cikin lamarin duka: ma'aunin yana yi wa tsofaffi adalci fiye da matasa, alhali a kan matasa aka fi amfani da shi.

Ɗalibar Nazari:
Na gode Baba. Wato abin da ya saɓa wa tunanin jama'a yakan jima kafin a fara ambatonsa.

Dattijon Malami:
Haka ne 'yata. Wani lokaci ma ba saɓani ba ne, ba a gani ba ne kawai. Cajal da Sifaniyanci ya fara buga bincikensa a 1888, a mujallar da shi ya kafa da kansa, manyan masana na Jamus ba su karanta ba. Sai da ya ɗauki gilasan gwajinsa ya tafi taro a Berlin a 1889, ya sa Albert von Kölliker ya leƙa madubin da idonsa, sannan duniya ta waiwayo. Har yau harshen da ka yi rubutu da shi da mujallar da ka samu shiga suna yanke hukunci a kan ko za a ƙirga ka.

Likitar Jijiya:
Ni abin da nake so a ƙara shi ne ambato ba shaidar gaskiya ba ne. A 2006 Nature ta buga wata takarda da ta ce an gano wani nau'in furotin amiloid da ke lalata tunanin ɓeraye, abin da ya shafi cutar mantuwa ta Alzheimer. Zuwa 2022 an ambace ta kusan sau 2,300. A shekarar ce mujallar Science ta fito da binciken da ya nuna alamun an taɓa hotunan da ke cikinta, kuma a 2024 aka janye ta. Shekara 18 tana tara ambato. Janyewar ba ta goge ambaton da ta riga ta tara ba, kuma sananne ne cewa takardun da aka janye sukan ci gaba da samun ambato, sau da yawa ba tare da mai ambaton ya faɗi an janye su ba.

Wannan ya fi taɓa ni saboda marasa lafiya. Iyalin mai cutar mantuwa ba ruwansu da yawan ambato. Suna so su san ko abin da aka ce an gano gaskiya ne, ko zai kai ga magani. Kuɗi da lokacin matasan da suka bi sawun sakamakon da ba shi da tushe ba sa dawowa.

Kuma ko inda babu maguɗi akwai matsala. A 2013 Katherine Button da abokan aikinta suka tattara binciken ƙwaƙwalwa 730, suka ga matsakaicin ƙarfinsu na gano abin da suke nema, in har yana nan, kashi 21 ne cikin 100. Wato mutanen ko dabbobin da aka yi gwajin a kansu sun yi kaɗan. A 2022 wata takarda ta Scott Marek da abokansa ta nuna cewa in ana so a haɗa siffar ƙwaƙwalwa da halayyar mutum a samu sakamakon da zai maimaitu, ana bukatar dubban mutane, alhali irin wannan binciken an saba yin sa da mutum kamar 25. Waɗannan ƙananan binciken duka suna ambaton juna, suna kuma ambaton manhajojin da suka yi aiki da su. Ai kun tuna takardar Anders Eklund ta 2016, wadda ta gwada SPM da wasu manhajoji biyu irinta, FSL da AFNI, ta ga a wasu saituna kuskuren ganin abin da babu ya kai kashi 70 maimakon kashi 5 da ake tsammani.

Injiniyan Hoto:
Dakta, da girmamawa, a yi wa mutane adalci a kan takardar Eklund. Kashi 70 ɗin shi ne mafi muni, kuma ya fito ne a inda aka sassauta ma'aunin farko da manhaja ke bi wajen zaɓar ɗigogin hoton da za ta haɗa gungu a matsayin wurin da ke aiki. In aka tsaurara shi zuwa yadda SPM ta saba ba da shawara, kuskuren yana sauka kusa da inda ya kamata. Guillaume Flandin da Friston sun rubuta amsa a kan haka. Su marubutan ma daga baya sun gyara jimlar da ta sa aka fahimci cewa binciken fMRI kusan 40,000 duk sun shiga shakku. Wanda ya yi amfani da manhaja ba bisa ƙa'ida ba, laifinsa ne, ba na wanda ya rubuta ta ba.

Likitar Jijiya:
Na yarda da gyaran, kuma ban ɗora wa Friston laifin kowa ba. Abin da nake nufi shi ne a cikin ambato 200,000 akwai na bincike mai ƙwari da na bincike marar ƙwari, kuma lissafin bai bambance su ba. Kowanne ɗaya ne.

Sabon Shiga:
To ita nazariyar da ake ta magana a kanta fa? Na ji ana cewa yana da wata babbar nazariya a kan ƙwaƙwalwa, ba manhaja kaɗai ba.

Mai Ƙididdiga:
Yana da ita, kuma a nan ne tambayar Malama ta fi daɗi. A takardarsa ta 2010 a Nature Reviews Neuroscience ya tattara ra'ayin cewa ƙwaƙwalwa kullum cikin hasashe take: tana ƙiyasta abin da ido da kunne za su kawo mata, tana gwada hasashen da abin da ya zo, sannan ta rage giɓin, ko dai ta sauya hasashen ko ta motsa jiki don duniya ta dace da shi. Tushen ra'ayin yana komawa ga Hermann von Helmholtz a ƙarni na 19, amma Friston ya sa masa lissafi ya kuma faɗaɗa shi har ya ce duk wani abu mai rai haka yake yi. Takardar ta tara ambato dubbai.

Sai dai su wa ke ambatonta? Akwai waɗanda suka gina gwaji a kanta. Akwai masana falsafa da ke jayayya da ita, suna cewa ta yi faɗi har babu sakamakon da zai iya ƙaryata ta. Akwai waɗanda suka jefa ta a jimlar farko ta gabatarwa don a san sun san da ita, ba su sake komawa kanta ba. Shi kansa ya sha cewa ƙa'ida ce irin ta lissafi, abin da ake gwadawa shi ne nazariyoyin da aka fitar daga cikinta. Yawan ambaton ya tabbatar da cewa ta mamaye zance. Ko ta yi daidai, wannan sai gwaji da lokaci.

Mai Kula da Laburare:
Bari in ƙara abin da muke fama da shi kullum a wajen aiki, domin mutane suna kawo mana adadi kamar guda ɗaya ne. Mutum ɗaya yana da ma'aunin h daban-daban gwargwadon inda aka duba. Google Scholar, wanda ya fara a 2004, yana ƙirga kundin digiri da takardun da ba a tantance ba da duk abin da ya yi kama da rubutun ilimi, don haka adadinsa yakan fi girma. Rumbunan bayanai na Scopus da Web of Science suna ƙirga mujallun da suka zaɓa ne kawai, mafi yawansu na Turanci. Kada a taɓa ɗauko na wannan daga Google Scholar a gwada da na wancan daga Scopus.

Kuma ana iya yaudarar lissafin. A 2010 Cyril Labbé, masanin kwamfuta a Faransa, ya ƙirƙiro marubucin bogi mai suna Ike Antkare, ya sa manhaja ta rubuta masa takardu kusan 100 marasa ma'ana suna ambaton juna. Google Scholar ya ba shi h na 94. Ya yi ne don ya nuna ramin. Amma akwai masu yin irin wannan da gaske: ambaton kai fiye da kima, ƙungiyar abokai da ke ambaton juna, mai tantance takarda da zai ce sai an ambaci nasa kafin ya amince. Har ta kai a 2023 kamfanin Clarivate ya cire fannin lissafi gaba ɗaya daga jerinsa na masu binciken da aka fi ambata saboda irin wannan wasa. Sannan John Ioannidis da abokansa sun nuna a 2018 cewa akwai dubban marubuta da suka taɓa fitar da takarda fiye da 72 a shekara guda, wato ɗaya duk kwana 5. Yawancinsu 'yan fiziks ne masu aiki a manyan ƙungiyoyi, amma ko an cire su akwai aƙalla 265. Dole mutum ya tambayi me sa hannu a takarda yake nufi a irin wannan yanayi.

Ɗalibar Nazari:
Hajiya, kin taɓo abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Takarda tana da marubuta 12, an ambace ta sau 1,000, kowannensu an rubuta masa 1,000. A al'adar fannin nan na farko shi ya yi aikin da hannunsa, na ƙarshe shi ne mai ɗakin binciken, amma ma'aunin bai san wannan ba. Shugaban babban ɗaki sunansa yana kan duk abin da ya fito. Snyder da aka ambata ɗazu, takardar 1973 da ta nuna wurin da sinadaran opiyom ke maƙalewa a ƙwaƙwalwa, ɗalibarsa Candace Pert ce marubuciya ta farko. Da aka zo kyautar binciken likitanci ta Lasker ta 1978, shi aka ba tare da Hans Kosterlitz da John Hughes, ita ba a sa ta ba, kuma ta fito fili ta nuna rashin amincewarta. A 2020 kuma Jordan Dworkin da abokan aikinsa suka duba jerin ambato a manyan mujallun ƙwaƙwalwa 5, suka ga ana ambaton takardun da mata suka jagoranta ƙasa da yadda ya kamata in aka yi la'akari da yawansu. To in ma'aunin ya gaji son kan masu ambato, ta yaya za a ce ba ya nuna bambanci?

Dattijon Malami:
Robert Merton ya rubuta a kan wannan tun 1968: wanda ya riga ya yi suna shi ake ƙara wa, ko da aikin tare aka yi. Ga misali na kusa. Dabarar kunna ƙwayoyin jijiya da haske, kowa takardar 2005 ta Edward Boyden da Karl Deisseroth da abokansu yake ambata, kuma ta cancanta. Amma Zhuo-Hua Pan na jami'ar Wayne State ya yi aiki da furotin ɗin da dabarar ke amfani da shi a ƙwayoyin ido a daidai wannan lokacin, takardarsa ta sha yawo a hannun mujallu, ba ta fito ba sai 2006 a Neuron. Kaɗan ne suka san sunansa. Tazarar 'yan watanni da girman jami'a sun yi aikinsu.

Ɗan Kwamitin Ɗaukar Aiki:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ban musa ko ɗaya ba. Amma ina roƙo a dubi ɗaya ɓangaren, domin sukar ma'auni abu ne mai sauƙi ga wanda bai taɓa zama a kujerar yanke hukunci ba. Gurbi ɗaya, masu nema sun haura ɗari, 'yan kwamiti kowa da azuzuwansa da ɗalibansa, kuma babu wanda ya ƙware a duk rassan da masu neman suka fito. Ku ce a karanta. Wa zai karanta, yaushe? Sannan ku tuna abin da ake yi kafin alƙaluman nan su zo: wasiƙar babban malami, sunan jami'a, wa ka sani. Matashin da ba shi da kowa, wanda ya fito daga ƙaramar jami'a amma aikinsa ana ambatonsa a ko'ina, adadin nan shi ne kaɗai mai yi masa magana a ɗakin da ba a san shi ba. In kuka kore alƙaluma gaba ɗaya, ba adalci za ku samu ba, tsohon yayi za ku dawo da shi.

Likitar Jijiya:
Ranka ya daɗe, wannan magana ce mai nauyi, kuma ban da amsar da za ta share ta. Sai dai ina ganin akwai tazara tsakanin a duba adadi da a miƙa masa hukunci. Da zarar matasa sun gane cewa adadin ne ke ba da aiki, sai su yanka bincike ɗaya gida uku, su guji tambayar da za ta ci shekara biyar, su ɓoye gwajin da bai ba da sakamako ba. Ba don su mugaye ba ne. Abin da aka nuna musu ana saka wa ke nan.

Mai Kula da Laburare:
Ba a ce a kore alƙaluma ba, ranka ya daɗe. Sanarwar San Francisco da aka tsara a 2012, wadda ake kira DORA, abin da ta fi yaƙa shi ne auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki. Wannan darajar matsakaicin ambaton takardun mujallar ne na shekara biyu da suka gabata, kuma Eugene Garfield ya samar da ita ne don taimaka wa laburare zaɓen mujallu, ba don auna mutum ba. Takardu kaɗan ne ke jan matsakaicin sama, yawancin takardun mujallar suna ƙasa da shi. Ka'idojin Leiden na 2015 kuma cewa suka yi alƙaluma su tallafa wa hukuncin masana, kada su maye gurbinsa. Akwai ma ma'aunai da suka fi h hankali, kamar wanda cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta fitar a 2016, mai gwada takarda da sa'o'inta a fanninta da shekararta. Kuma wasu hukumomin ba da tallafi yanzu cewa suke yi mai nema ya zaɓi 'yan takardunsa mafiya muhimmanci ya bayyana da kansa abin da kowacce ta ƙara da kuma rawar da ya taka a ciki. Takardu 5 na mutum 10 da suka kai zagayen ƙarshe, kwamiti zai iya karantawa.

Ɗan Kwamitin Ɗaukar Aiki:
Zagayen ƙarshe na yarda. Amma daga ɗari zuwa 10 fa, Hajiya? A nan ake zubar da mutane, kuma a nan babu mai karanta komai. Sannan bayanin kai da kika ambata yana fifita mai iya tsara magana a kan mai iya aiki. Na ga masu bincike na ƙwarai da ba su iya yabon kansu ba.

Mai Ƙididdiga:
A wannan zagayen na farko, in dole ne a yi amfani da adadi, aƙalla a cire ambaton kai, a raba da shekarun da mutum ya yi yana bincike kamar yadda Hirsch ya ba da shawara, a duba takardun da shi ne na farko a kai, kuma kada a gwada mai aikin hoton ƙwaƙwalwar mutum da mai nazarin jijiyar ƙwari, domin yawan masu rubutu a rassan biyu ba ɗaya ba ne. Ba zai gyara komai da komai ba, amma zai rage ɓarna.

Ɗalibar Nazari:
To in ina so in yi wa aikin Friston hukunci da kaina, ba da adadi ba, daga ina zan fara? Takardun sun yi yawa.

Injiniyan Hoto:
Ki raba su gida biyu, ƙanwata. Na dabaru, ki fara da ta 2003 a kan tasirin sashe a kan sashe, sannan ki nemi waɗanda suka gwada ta a kan bayanan da aka riga aka san amsarsu, ki ga inda ta ci da inda ta gaza. Na nazariya, ki karanta ta 2010 a hankali, lissafin yana da wuya, kada ki ji kunyar tsallake shi a karon farko. Daga nan ki buɗe jerin waɗanda suka ambace ta, ki ɗauki 20 ba tare da zaɓe ba, ki duba kowacce: gwaji ta yi a kanta, jayayya ta yi da ita, ko wucewa kawai ta yi ta gaishe ta. In kin gama ki kawo mana abin da kika samu, ni ma ina so in ga yadda za su rabu.